Zuciyar Yaya Garba da Dusar Gero

Tun da muka dawo daga ƙasar Nijar ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tare ni, a wajen niƙa a tare ni, har a Islamiyyarmu ta matan aure sai da malama ta tsayar da karatu ta ce, "Kulu, yaya can ɗin yake? An dace?" Ni kuma na gaji da cewa da sauƙi, don na san ba duk gaskiyar ke nan ba. Shi ya sa zan faɗe shi gaba ɗaya yau, wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba, a bar ni in sarara.

Wanda na raka yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, Alhaji Garba mai injin gyaran shinkafa a nan Talata Mafara. Duk wanda ke noman rani a Bakolori ya san shi. Shinkafar da ta bi ta injinsa fara ce sol, babu tsakuwa, babu ƙura, kuma da wannan farin yake taƙama fiye da yadda yake taƙama da 'ya'yansa. Ya daɗe da hawan jini, amma bara abin ya sauya. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga, daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya yana haki, zuciyar kuma ta yi ta gudu, ta tsaya, ta sake zabura. Mun je asibiti a nan, mun je Gusau, a samu sauƙi kwana biyu ciwo ya dawo. Sai wani maƙwabcinsa ya ba shi labarin wani likitan zuciya a can Nijar, gaba da Ƙonni. Matarsa Hajiya Luba ga ciwon gwiwa ga yara, don haka tafiya ta faɗo kaina. Mu biyu muka rage a ɗakin mahaifiyarmu, in ban je ba wa zai je?

Kun san yanzu ba a sammako a hanyarmu saboda 'yan bindiga. Sai da rana ta ɗaga, direbanmu Ɗan Ige ya ga motocin Sakkwato sun fara shigowa lafiya, sannan ya tayar da mota. Ana cikin loda kaya na ga ma'aikatan Yaya sun kinkimo buhun shinkafa.

Na ce, "Yaya, asibiti za mu ko kasuwa?"

Ya ce, "Ke Kulu, ba ki san komi ba. Ana zuwa wajen mutum hannu biyu? Bari su ga shinkahwar Mahwara."

A Lambar Bakura muka iske Inna Hajo, ƙanwar mahaifinmu, tsaye a bakin titi tun safe da kula biyu. Gaisuwa kaɗai ta ci lokaci: gajiya, iyali, jiki, mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har Ɗan Ige ya kashe mota. Da muka buɗe kulolin a hanya, shinkafa ce da miya mai na yawo a kai, da kaji soyayyu da suka ji gishiri da magi. Yaya ya ci ya sha ruwa. Ga shi yana shan ƙwayar nan mai sa fitsari, saboda haka tsakanin Tureta da Dange ban san sau nawa ya ce a tsaya ba. Duk tsayawa sai Ɗan Ige ya bar mota a kunne, idonsa a daji, yana cewa, "Alhaji, don Allah a hanzarta, nan ba wurin tsayi ba na." Ni kuwa ina riƙe da buta, ina kallon yayana da a da yake ɗaukar buhu shi kaɗai yana dafa mota kafin ya miƙe.

A Sakkwato muka kwana gidan wani abokin cinikinsa. Aka karrama mu da tuwon shinkafa da farfesun kan rago. Da safe matar gidan ta ja ni gefe ta ce a zaune baƙon nasu ya kwana, in ya kwanta numfashi ba ya isar sa.

Daga nan sai Gwadabawa, sai Illela. A bakin iyaka muka canza kuɗi, aka ba ni takardun sefa masu laushi kamar tsumma, na ƙulle a bakin zane ban san darajar ko ɗaya ba. Ɓangarenmu dai an sha tambayoyi an wuce. Ɓangarensu ne wani ma'aikacin duwan, wato kwastan ɗinsu, dogo siriri, ya zaro wani tsinken ƙarfe ya soka wa buhun Yaya a ciki. Shinkafa ta tsiyayo ƙasa. Mutumin da tun Illela bai iya magana mai tsawo ba sai ga shi ya fito daga mota da silifas ɗin da aka yanke wa baki, yana faɗa yana haki. Ma'aikacin bai kula shi ba. Ya tara hannu, ya duba ƙwayar a rana, ya ce, "Wagga ta Tailan ta, ba ta Najeriya ba." Nan take fushin Yaya ya wuce. Ya washe baki ya ce injinsa ne, a Mafara, hannunsa ne. Ƙarshenta da kansa ya ɗebar wa mutumin a leda. Ranar ce kaɗai a duk tafiyar na ga ya yi dariya har haƙoransa na ciki.

Nijar ba ta ba ni mamaki kamar yadda na zata ba. Hausarsu kusan tamu ce, sai dai su jefa Faransanci a tsakiya ka rasa inda maganar ta bi. Likita lokotoro suke ce masa. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa na yanka dasashi. Jandarma in ya ɗaga hannu kowa tsit, ba ciniki. Abin da ya fi tsaya mini shi ne cinsu. Mu a nan fura abin sha ce bayan an ci abinci. Su kuwa ita ce abincin rana, babba da yaro, kowa da ƙwaryarsa, kuma furar ba ta da hasken tamu.

Masu jinya a asibitin ba a ba su ɗaki. Akwai wani fili a bayan ginin, ƙarƙashin itatuwan dogon yaro, kowa ya kafa murhu ya shimfiɗa tabarma. A nan na samu gefe kusa da wata mata mai suna Mariyama, mutuniyar wajen Tawa, wadda mijinta ke kwance gado ɗaya tsakaninsa da Yaya, ciwonsu iri ɗaya. Ranar farko na rasa itace, na rasa yadda zan ce a sayar mini da gawayi, na ba mai shago takardar kuɗin da ashe ta fi ƙarfin abin da na saya, ya yi ta yi mini magana ina gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa. Mariyama ce ta zo ta raba mu, ta karɓo mini canjina. Daga ranar ta zama uwar ɗakina.

Likitan ba tsoho ba ne, Bahaushe ne na can, mai sanyin magana. Ya sa aka ɗebi jini, aka manna wa Yaya wayoyi a ƙirji, aka shafa masa wani abu mai sanyi ana kallon zuciyarsa a talabijin. Washegari ya kira mu ofishinsa. Kafin ya buɗe baki Yaya ya sa aka shigo da buhun, da facin da na yi wa inda aka soka. Likitan ya yi godiya sosai, ya ɗebi shinkafar a tafin hannunsa yana juyawa.

Ya ce, "Alhaji, wagga kake ci kullum?"

Yaya ya ce, "Sahe da dare. Gidana ba a san wani tuwo ba sai nata."

"To, jan bayan nan da inji ke ɗebewa, ina yake zuwa?"

"Dusa? Masu kiwo ka saye. Raguna na."

Likitan ya mayar da shinkafar cikin buhu a hankali. Ya ce zuciyar Yaya ta buɗe, ta gaji, kuma ba zai yi mana ƙarya ba, ba za ta koma sabuwa ba. Magani zai riƙe ta, kuma dole a sha shi har iyakar rai. Amma ya ce jinin ya nuna ƙarancin wani sinadari da ake kira magnesiyom, wanda zuciya ke bukata don bugunta ya daidaita, jijiyoyin jini su saki. Ƙwayar fitsarin da Yaya ke sha tana fitar da shi daga jiki, abincinsa kuma ba ya mayarwa. Na ce a rubuta mana mu saya. Ya ce zai ba shi na ɗan lokaci, amma na dindindin a tukunya yake: wake, gyaɗa, riɗi, zogale, rama, kuka, da hatsin da ba a surfe shi ya yi fari tas ba. Ya ce a rage gishiri da magi, a rage farar shinkafa, gero da dawa kuma a wanke su a niƙa da bayansu, ko a yi musu surfe sama-sama.

Na ji sanyi a raina, don na zata zai ambaci abin da sai an je Makka. Na juya in yi wa Yaya murna, sai na ga fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Lokotoro, dusa kaka cewa in ci?"

A nan sai na koma baya kaɗan, don ƙananan cikinku ba su san wannan ba. Mu mutanen Faru ne ta ƙasar Maradun. Mahaifinmu ya rasu a wata shekarar yunwa, ina goye, Yaya bai isa riƙe garma ba. Inna, mahaifiyarmu, ta riƙa bin gidajen masu hali tana yi musu surfe, ladanta dusar da ta fita. Ita take kawowa ta tuƙa mana da ganyen tafasa. Yaran gari suka gane, suka sa masa suna Garba Ci-dusa, suna bin sa da shi har bakin rijiya, suna yi masa kukan tunkiya. Ni ban tuna ɗanɗanon tuwon ba. Shi bai manta ba. Ranar da ya kafa injinsa, a gaban Inna da ni ya ɗaga hannu ya rantse da Allah cewa tukunyar gidansa ba za ta ƙara ganin dusa ba muddin yana numfashi. Inna ta yi kuka ranar, mu duka muka ce amin.

Likitan bai san wannan ba. Ya yi ta bayani cewa ba dusa zalla yake nufi ba, hatsi ne da rigarsa. Yaya ya miƙe, muka fito.

Abin da ya ba ni fata shi ne zaman da muka yi bayan nan. Mariyama ba ta san komai game da rantsuwa ba. Ita dai ta dama fura mai duhu ta miƙa wa mijinta, ta miƙa wa Yaya. Ta yi dambun gero da zogale da ƙuli-ƙuli, ta zuba a kwano ɗaya ta ajiye tsakaninsu. Ranar farko ina leƙe ta taga, na ga Yaya ya dubi kwanon ya dubi ƙofa, sannan ya sa hannu. Na koyi yadda take yi: a jiƙa geron, a wanke, a ɗan taɓa shi a turmi a bar shi haka nan. Na dafa wake da alayyahu ba magi, sai daddawa. Ya ci. Ban ce abincin ne kaɗai ba, don an canza masa magunguna, an yi masa ƙarin ruwa mai sinadarin a ciki. Amma da idona na ga ƙafafun nan sun saɓe, fatar ta yi yaushi. Wata Juma'a ya sa takalminsa na gaske ya taka har masallacin bakin asibiti ya dawo bai dafa kowa ba. Na shiga bayan itace na yi kuka, Mariyama tana bubbuga mini baya tana cewa in gode wa Allah.

Da yamma na kai masa abinci na ce, "Yaya, ashe dai tana ciyuwa."

Ya ce, "Nan wa ya san ni, Kulu? Kuma nan ba gidana ba na."

Na ji maganar, amma na ɗauke ta wasa. Da aka sallame mu Mariyama ta ƙulla mini geron Tawa da busasshen zogale a ɗan buhu. Mijinta bai samu sallama ba, kuma ban san yadda suka ƙare ba, don lambar da ta ba ni ba ta shiga daga nan.

Muna tsallako Illela waya ta fara ruri. Kafin mu kai Sakkwato duk Mafara ta san Alhaji na hanya. Mun iso muka tarar da ƙofar gida cike, an yanka rago, Hajiya Luba ta tuƙa tuwon shinkafa fari kamar auduga. Na ja ta ɗaki na zayyana mata duk abin da likita ya ce. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Kulu, na ji. Amma yau ga mutane. In aza mishi baƙin tuwo gaban baƙi, a ce mi? A ce inji ya karye?" Na ce to, gobe.

Gobe ta zo da 'yan dubiya. Kun san al'adarmu, ba a zuwa gaida marar lafiya da kwaɗon rama. Mutanen Bakura suka zo da kaji. Dangin Maradun da na Dosara, waɗanda yawancinsu sun baro gonakinsu suna raɓe a gari, su ma sai da suka ƙoƙarta suka zo da shinkafa da taliya da lemon kwalba, don kada a ce sun raina shi. Kuma mai dubiya ba ya tashi sai ya ga an buɗe kwanonsa an taɓa. Yaya ya bi kowane kwano ya sa albarka. In na yi magana a ce, "Hajiya Kulu ta je Nijar ta zama likita." Har Inna Hajo, da na ce mata wake da zogale ake so, ta riƙe haɓa ta ce, "Ɗan'uwan naki da Allah ya ɗaukaka za ki mai da ga abincin 'yan gudun hijira?"

Da baƙi suka ragu na tunkare shi. Ya ce rantsuwa ce, ya yi da sunan Allah, ba ya karyawa. Na ce to wannan mai sauƙi ne. Na shiga mota na tafi Bakura wajen wani malami da Yaya ke girmamawa, wanda ya karantar da 'ya'yansa. Malam ya ce rantsuwar da za ta cutar da rai ba a riƙe ta, a yi kaffara, a ciyar da miskinai goma, a ci abin da likita ya ce. Bai tsaya nan ba, ya biyo ni har Mafara ya faɗa wa Yaya baki da baki. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce ya ji ya bi. Washegari aka kira miskinai, ba goma ba, sun fi ashirin, aka zuba musu shinkafa da nama, kowa ya tafi da ƙunshi. Na koma gida ranar ina jin kamar an sauke mini dutse.

Daga nan na ɗauki abin a kaina. Kullum in wanke geron Mariyama, da ya ƙare na sayi namu, in niƙa da bayansa, in tuƙa tuwo mai laushi, miyar kuka ko ta zogale da gyaɗa, in rufe da faifai in kai masa da kaina kafin la'asar. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Allah shi yi miki albarka, Kulu. Aje nan, sai na yi salla." Da safe a aiko mini da kwano a wanke. Na yi ta murna. Sai dai ƙafafun sun fara dawowa. Takalmin da ya sa ya je masallaci a Nijar ya koma ƙarƙashin gado, silifas mai yankakken baki ya fito. Na ce ko maganin ne ya ƙare, aka duba yana nan, yana sha.

Ranar Talatar da ta wuce na kai tuwo, na fito har na kai bakin titi sai na tuna na bar mayafina a ɗakin Hajiya Luba. Na koma ta ƙofar baya, wajen turken da yake ɗaure ragon layyarsa. A nan na gan shi. Ya dafa bango da hannu ɗaya yana haki, ɗaya hannun yana juye tuwona a cikin kwatarniyar ragon, yana kankare kwanon da yatsa don kada a ga saura.

Ya ɗago muka haɗa ido. Bai ɓoye kwanon ba.

Na ce, "Yaya, ba an yi kaffara ba?"

Ya daɗe kafin ya samu numfashin amsawa. Ya ce, "An yi. Na gwada, Kulu, wallahi na gwada. In na kai shi baki, ɗiyan nan nika ji bayana bakin rijiya. Can Nijar ban ji su ba. Nan ina jin su."

Na so in yi faɗa, kun san bakina. Na so in ce yaran nan rabinsu sun mutu, sauran suna zuwa ƙofarsa neman aiki. Amma na dubi ƙafafunsa, sun cika har suna ƙyalli. Na karɓi kwanon, na kama hannunsa na mayar da shi ɗaki, muna tafiya muna tsayawa.

To, ga labarin Nijar da kuke ta tambaya. Hanya mun je lafiya mun dawo lafiya, likita ya san aikinsa, maganin kuma yana nan a kasuwar Talata, mudu-mudu, a gaban kowa. Ni dai na fid da rai, kuma ina jin tsoron ranar da za a aiko kirana. Har yau ban daina tuƙa tuwon ba, don ban san abin da zan yi da hannuna ba in na daina. Kullum ina kaiwa, kullum yana sa mini albarka, kullum kwano na dawowa a wanke.

Jiya wani mai dubiya ya fito daga ɗakin Yaya yana share ido, ya bi ta wajen turke, ya tsaya ya shafa bayan ragon. Ya ce bai ga dabbar da ta yi kyau irin wannan ba a bana, ya tambaye ni me ake ba shi.